Kowa Ya Tuna Bara: Kwana 16 na Kullen Kirsimeti a Peckham

Ranar Asabar 19 ga Disamba 2020, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Firaministan Birtaniya Boris Johnson ya fito a talabijin, Chris Whitty da Patrick Vallance, manyan mashawartan gwamnati kan lafiya da kimiyya, suna tsaye a gefensa. Rana ta riga ta faɗi, don a ƙarshen Disamba magariba kan yi a Landan tun huɗu ba ta cika ba. Ina bakin aiki a wani babban kantin kayan abinci a kudancin birnin, ina jera gwangwanaye a kanta, sai na ga masu sayayya sun yi cirko-cirko, kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Wata mata da ta cika kekenta maƙil ta jima tana kallon abin da ta ɗiba, sannan ta shiga mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka sanar shi ne, daga wayewar garin Lahadi, Landan da mafi yawan kudu maso gabashin Ingila sun shiga mataki na huɗu na dokar korona, matakin da babu shi a tsarin kafin ranar. Mutum fiye da miliyan 16 abin ya shafa tashin farko. Kowa ya zauna a gida. A rufe duk kantin da ba na abinci ko magani ko makamantansu ba, a rufe wuraren aski da na motsa jiki. Ba shiga gidan wani, ba kwana a wani wuri, ba fita daga yankin. Abin da aka yarda da shi kawai, ka haɗu da mutum ɗaya tak a fili, a waje, cikin wannan sanyi.

Zafin abin ba a dokar kaɗai yake ba, har da alkawarin da ta karya. Tun 24 ga Nuwamba gwamnatocin Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa suka amince cewa daga 23 zuwa 27 ga Disamba gidaje uku za su iya haɗuwa su yi bikinsu. Mutane suka yanki tikitin jirgin ƙasa, suka yi odar talo-talo na mutum goma ko sha biyu. Ranar 14 ga wata ministan lafiya Matt Hancock ya gaya wa majalisa an gano sabon nau'in cutar, wanda aka fara gani a yankin Kent. Ranar 16 aka rufe mashaya da gidajen cin abinci na Landan, amma a ranar Johnson ya ce soke Kirsimeti rashin imani ne. Kwana uku bayan haka ya soke ta, yana cewa sabon nau'in zai iya fin na farko saurin yaɗuwa da kashi 70 cikin ɗari. A daren nan tashar St Pancras ta cika ta batse da masu gudun kada gari ya waye musu a cikin birnin.

Abin da ke biye bayani ne na yadda kwanaki 16 da suka biyo baya suka gudana a layi ɗaya na gidajen haya a Peckham, inda na zauna a matsayin ɗalibi mai aikin wucin gadi, iyalina suna Zariya.

Unguwar da maƙwabciyar

Peckham tana cikin ƙaramar hukumar Southwark, kudu da kogin Thames, hukumar da ke da mutum sama da 300,000. Jijiyar unguwar titin Rye Lane ne, wanda saboda yawan 'yan Najeriya ake yi wa wurin laƙabi da ƙaramar Legas. A ranar da ba doka, in ka bi titin za ka ji Yarabanci ya fi Turanci tashi, ga doya jibge, ga busasshen kifi, ga mahauta masu naman halal, ga masu kitso suna kiran mata daga bakin ƙofa, ga wa'azin coci daga lasifika. Bahaushe a nan ɗan tsiraru ne a cikin 'yan tsiraru, amma ba ya rasa attarugu da kuɓewa da man ja.

Katanga ɗaya ta raba ni da wata tsohuwa Baturiya, mai shekara 79 a lokacin, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai. Kafin wannan hunturu, tsakanina da ita gaisuwa ce ta ɗaga hannu. An haife ta a Bermondsey ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ba ta taɓa zama a wurin da ya wuce mil uku daga inda aka yanke mata cibiya ba. 'Yarta tana Kent, kamar dubban 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan kudancin Landan da tsadar gida ta kora zuwa bayan gari.

A ƙa'ida tsohuwar tana da mafita. Tun watan Yuni doka ta yarda mai zaman kaɗaici ya jingina da gida ɗaya, a ɗauke su tamkar 'yan gida guda, kuma mataki na huɗu bai soke wannan ba. Sai dai kowane gida jingina ɗaya aka yarda masa, gidan 'yarta kuwa ya riga ya ɗauki mahaifin mijin, wanda ya fi ta rauni. Kwana biyar ɗin Kirsimeti su ne ƙofar da ta rage mata, aka kuma rufe. Allurar riga-kafi ta iso, don tun 8 ga Disamba aka yi wa Margaret Keenan mai shekara 90 ta farko a Coventry, amma 'yan 80 zuwa sama aka fara kira. Shekara ɗaya ta hana ta shiga sahun.

Yadda yini ke tafiya

Wanda bai yi hunturu a Ingila ba zai yi zaton sanyi ne matsalar. Duhu ne. Ranar 21 ga Disamba rana kan fito bayan ƙarfe takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu, yinin duka bai cika awa takwas ba, ita ma ranar sau da yawa sai dai a ce tana can bayan gajimare. Azahar da la'asar da magariba sukan zo a jere cikin awa huɗu, kana naɗe darduma ana cewa lokacin wata ya shiga. Hunturunmu na gida yana fasa leɓe da kaushi, amma yana tara mutane: a hura wuta a ƙofar gida, a kewaye mai shayi, a jira mai ƙosai. Na can yana kora kowa ɗaki. A shekarun da ba annoba, mashaya da kantuna masu fitilu da cincirindon sayayya su ke riƙe mutane a waje. Da aka ɗauke su, sai dare mai awa goma sha shida ya rage, da talabijin.

A kantinmu kwanaki huɗun farko sun zo da abin da ban taɓa gani ba. Masu odar babban talo-talo suna roƙon a canja musu da ƙarami, matasan da suka saba tafiya gidan iyaye suna tambayar ma'aikata yadda ake gasa dankali. Sai kuma tsoro ya shigo ta wata ƙofar. Daren Lahadi 20 ga wata Faransa ta rufe iyakarta da Birtaniya na awa 48, ƙasashe fiye da 40 suka hana jiragen sama daga Birtaniya sauka. Dubban manyan motoci suka maƙale a hanyar tashar jiragen ruwa ta Dover, aka tara wasu a tsohon filin jirgin sama na Manston. Jita-jita ta bazu cewa ganye da lemo za su yanke, mutane suka yi ta wawaso. Direbobin nan, yawancinsu daga gabashin Turai, da dama a cikin mota suka yi Kirsimetinsu, ba banɗaki isasshe, mabiya addinin Sikh da sauran masu sa kai suna kai musu abinci. Duk lokacin da na ji ana maganar kaɗaicin wannan shekara, su nake fara tunawa.

Tsohuwar kuwa ta tsara wa kanta yini. Ƙarfe goma ta sa takunkumi ta fita, ta yi zagaye ɗaya, ta dawo kafin sha biyu. Ranar Talata na ci karo da ita a Rye Lane, tana tsaye a gaban rufaffen shago tana kallon sama. Na tsaya nesa da ita kamar taku uku, yadda doka ta ce, na tambaye ta ko lafiya. Sai ta nuna mini hasumiyar agogo da ke bakin titin, wadda na wuce ta ƙarƙashinta sau ɗaruruwa ban taɓa ɗaga kai ba. Ta ce ragowar Jones & Higgins ce, katafaren kantin da aka rufe a 1980, inda uwarta kan kawo ta kallon adon Kirsimeti ko da ba su da kuɗin sayen komai. Daga nan ta kama jero mini titin shago bayan shago, kamar mai karanta nasabar sarakuna: nan mai takalma, nan mai hula, nan silima.

Daga ranar ne hirar katanga ta fara. Kullum in na dawo aiki, ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya a kan dokin ƙofa da bargo a kafaɗa, ni ina wannan gefen, minti goma ko sha biyar har sanyi ya raba mu. Ban shiga gidanta ba, don ina cuɗanya da ɗaruruwan mutane a kanti.

Abin da take kewa

Na yi zaton hirarta za ta kasance kan 'yarta da jikokinta. Tana ambatonsu, amma a gurguje, don kullum suna magana ta waya suna ganin juna. Abin da ta fi zurfafawa a kai wurare ne, da ƙamshi, da hanyoyi.

Tana da shekara 15 ta bar makaranta ta kama aiki a Peek Freans, masana'antar biskit ta Bermondsey da ta ɗauki dubban ma'aikata har aka riƙa kiran unguwar garin biskit. Ta ce daga ƙamshin da iska ta kawo za ka san irin biskit ɗin da ake gasawa ranar. An rufe ta a 1989. Yayyenta maza a tashar jiragen ruwa ta Surrey Docks suka yi dako, ita ma an rufe ta a 1970. Da suna yara, duk watan Satumba mata da 'ya'yansu kan kwashi tukwane da barguna su tafi gonakin Kent tsinkar wani fure da ake sa wa giya ɗaci, su kwana a bukkokin kwano, wannan shi ne hutunsu na shekara, kamar dai 'yan cirani. Ta ba ni labarin dusar ƙanƙarar da ta fara sauka washegarin Kirsimetin 1962, ta ƙi narkewa har watan Maris. Ta ba ni labarin bas mai lamba 12 a zamanin da yake da buɗaɗɗen baya da kwandasta, kana iya ɗarewa yana tafiya. Ta kwatanta mini abincin talakawan Landan na asali, nama a cikin gasasshen ƙullin fulawa da dakakken dankali da koriyar miya, wanda har yanzu ake sayarwa a shagon Manze da ke babban titin Peckham.

Ba ita kaɗai ba ce. A shafukan Facebook na tarihin unguwanni, tsofaffin hotunan tituna suka yi ta yawo a makonnin nan, mutane suna gardama kan ko wane shago ne ke kusurwa kaza a shekara kaza. Shekarar ma ta ba su dalili. Ranar 24 ga Satumba aka rufe cibiyar kasuwanci ta Elephant and Castle, wadda ke tsaye tun 1965, ginin da kowa ke zagi saboda muninsa har ranar da aka ce za a rushe shi. Ranar 30 ga Nuwamba kamfanin Arcadia, mai kantunan Topshop, ya durƙushe, washegari aka ce Debenhams ma za ta rufe bayan fiye da shekara 200. A watan Oktoba wani yaro ɗan sakandare ya buɗe shafin bogi a Twitter ya ce kantunan Woolworths, da suka mutu tun ƙarshen 2008, za su dawo. Manyan jaridu suka ɗauka ba bincike, don mutane suna son abin ya zama gaskiya.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a nan maganar ta zauna daram. Sai dai akwai abin da karin maganar bai faɗa ba, wato amfanin da tunawar ke yi wa mai ita. Kalmar da Turawa ke kiran wannan hali da ita, wato nostalgia, wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya ƙirƙiro ta a 1688, yana ɗaukar abin a matsayin cuta mai kama mutanen Switzerland in sun yi nesa da gida. Shekaru ɗaruruwa a haka aka ɗauke shi. Masu nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Southampton, Constantine Sedikides da Tim Wildschut, su ne suka juya zancen: bincikensu ya nuna kaɗaici kan jawo begen baya, shi kuma begen kan sa mutum ya ji yana da mutane, ya rage masa raɗaɗin kaɗaicin. Na ga haka da idona. A ranakun da tsohuwar ta yi mini doguwar hirar masana'anta, muryarta ta fi ƙarfi. Wata rana ma hirar ce ta sa ta tono lambar wata abokiyar aikinta da suka yi shekaru ba su gaisa ba, ta kira ta.

Amma bege yana da tankaɗe, yana zaɓen abin da zai riƙe. Sai da na matsa mata da tambaya sannan ta ambaci banɗakin da ke bayan gida wanda iyalai da yawa ke rabawa, da bangon da ke tsattsafar da ruwa, da baƙin hazon hayaƙin gawayi na Disambar 1952 da ya kashe mutum kusan 4,000 a ƙirgen farko, tana 'yar shekara 11. Akwai kuma abin da ni da ita duka muka sani muka ƙi faɗa: Rye Lane ɗin da take kewa shi ne na kafin irina su zo. Ba ta taɓa gaya mini magana mai ɗaci ba, amma jerin shagunanta yana tsayawa ne daidai inda masu doya suka fara. Abin dariya, ko abin tausayi, 'yan Najeriyar da suka yi shekara talatin a titin su ma sun fara irin wannan hira. Wani mahauci da nake sayen nama a wurinsa kullum kukansa kenan, cewa matasa masu kuɗi sun cika unguwar da wuraren shan gahawa da mashayar saman bene, haya ta tashi, abokansa na da sun watse. 'Yan Kolombiya da Ekwado da suka rasa rumfunansu a Elephant and Castle su ma suna nasu. Titi ɗaya, kowane rukuni yana makokin nasa, kuma kowanne shi ne baƙon da ya ɓata wa na gabansa gari. Da kulle ya share titin ya bar rufaffun ƙofofin ƙarfe, sai kowa ya samu fili ya shimfiɗa nasa a kai.

Akwai wani wasan barkwanci na talabijin da Turawan Ingila ke ji da shi, wanda aka ce a Peckham yake faruwa, ana maimaita shi duk Kirsimeti. Ita ma ta kalla ta yi dariya. Ita ce kuma ta gaya mini yawancinsa ba a Peckham aka ɗauka ba.

Ranar kanta

Kirsimetin 2020 ranar Juma'a ta faɗo. Ko ba annoba, Landan kan mutu murus a wannan rana: ba bas, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, manyan kantuna kuma doka ce ta hana su buɗewa. An bar masallatai da coci-coci a buɗe a mataki na huɗu, da tazara da ƙayyade adadi, amma ba abin hawa, masallacin da na saba zuwa a Old Kent Road kuma wuri kan cika da wuri, sai na yi azahar a ɗaki. Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, sama garau. Na fita zuwa filin Peckham Rye na tarar da mutane bibbiyu suna zagaye, wasu sun tsaya nesa da juna suna miƙa kyauta kamar masu cinikin abin da aka haramta. A wani layi na ga iyali a kan titi, kaka tana taga a bene, yara suna ɗaga mata abin da ta saya musu.

Ƙarfe uku Sarauniya Elizabeth ta yi jawabinta na shekara. A fadarta ta Windsor ta yi bikin, karo na farko cikin fiye da shekara 30 da ba ta tafi gidanta na Sandringham ba. Ta ce abin da mutane da yawa ke so a ranar bai wuce runguma ko riƙon hannu ba, ta ce wa irin waɗannan ba su kaɗai ba ne. Ta katanga na ji tsohuwar ta ƙure sautin talabijin.

Na dafa dafa-duka da kaza, na rage yaji, na ajiye mata a bakin ƙofa. A Zariya abin da na sani kenan, sai dai a juye: ranar Kirsimeti maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari su ke aiko mana da shinkafa, mu rama da nama in babbar Sallah ta zo. Ita kuma ta so ta ba ni kek ɗin gargajiyarsu na busassun 'ya'yan itatuwa, sai ta tuna da barasa ake jiƙa shi, ta canja da gwangwanin biskit. Ta nuna mini kwalin wasu naɗaɗɗun takardu da suke wasa da su a kan tebur, mutum biyu kan kama baki-baki su ja, abin ya fashe da ƙara, hular takarda ta faɗo. Guda goma sha biyu ta saya tun Nuwamba. Muka gwada ɗaya ta saman katanga, kowa ya miƙe hannu iya tsawonsa ya kawar da fuska. Ita ta ci.

Da yamma na kira gida. Hajiya ta tambaye ni ko muna da wuta da abinci, na ce komai akwai. Ta ce, "To me ya dame ka, ɗan nan? Muryarka ba daidai take ba." Na ce sanyi ne kawai, Hajiya. Ta ce in dage da addu'a, in kuma riƙa leƙa tsohuwar nan, don haƙƙin maƙwabtaka ba ruwansa da addini.

Wanda ya saba da wanda bai saba ba

A nan ne na ga bambancina da maƙwabtana Turawa. Abin da ya faɗo musu a dare ɗaya, mu baƙi a cikinsa muke rayuwa. Mun saba yin Sallah a ranar aiki, mu idar da idi mu kama bas. Mun saba karɓar gaisuwar mutuwa ta waya. A watan Satumbar shekarar Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a kan karaga, a allon waya na kalli jana'izarsa, ina ɗakin hutun ma'aikata. Musulmin arewacin Ingila ma sun riga kowa ɗanɗana irin wannan sanarwa: daren 30 ga Yuli, ana gobe babbar Sallah, aka hana shiga gidajen juna a Manchester da kewayenta da sassan Lancashire da Yorkshire ta Yamma, an riga an dafa abinci. A lokacin wasu sun yi ta tambaya ko za a iya yi wa Kirsimeti haka. Wata biyar bayan nan aka ba su amsa, ban kuma ji wanda ya yi murna ba.

Ba ina cewa sabo ya sa abin ya yi mana sauƙi ba. Ɗaliban ƙasashen waje da yawa sun maƙale a ɗakunan kwanan jami'a da suka zama kufai, bayan an ba 'yan ƙasa tsakanin 3 da 9 ga Disamba su koma gidajensu. Amma mun san dabarun: ka dafa abin da ya yi kama da na gida, ka kira wanda kuka tashi tare, ku yi ta lissafa unguwanni. Tsohuwar a shekara 79 ta fara koyon wannan, ba tare da ta taka ko'ina ba. Zumunta a ƙafa take, an ɗaure ƙafar, sai garin da ta sani ya zama na labari kamar yadda Zariya ta zame mini.

Kada kuma hirar bege ta rufe wani abu. A layinmu akwai waɗanda ba kewar 1962 ke damunsu ba, abincin gobe ne. A watan nan UNICEF, karo na farko a tarihinta, ta ba da kuɗin ciyar da yara a Birtaniya, ciki har da fam 25,000 don kai wa iyalai akwatunan karin kumallo a Southwark lokacin hutu. Jacob Rees-Mogg, jagoran majalisar wakilai a lokacin, ya ce ya kamata hukumar ta ji kunya. Masu jinya da masu shara da direbobin bas na unguwar, da yawansu 'yan Afirka, ba su ga zaman gida ba, kuma jiniyar motocin asibiti masu nufar asibitin King's College a Denmark Hill ba ta yanke ba dare da rana. Bayan shekara guda aka fallasa cewa ranar 18 ga Disamba, kwana ɗaya kafin sanarwar, ma'aikatan fadar firaminista sun yi shagalinsu na Kirsimeti a Downing Street. Ranar da labarin ya fito tsohuwar ba ta ce komai ba, ta dai kashe talabijin.

Sauran kwanakin sun wuce kamar yini ɗaya mai tsawo. Guguwar Bella ta kaɗa a daren 26 ga wata. Daren sabuwar shekara aka hana taruwa a bakin kogi, aka yi wasan wuta da ƙananan jirage marasa matuƙa don masu kallo a gida. A daren ne kuma Birtaniya ta kammala ficewa daga tsarin kasuwancin Tarayyar Turai, abin da aka yi shekara huɗu ana rigima a kai, a layinmu ko tari ba wanda ya yi. Ranar Litinin 4 ga Janairu 2021 yara a sassa da yawa na Ingila suka koma makarantar firamare da safe, ƙarfe takwas na dare Johnson ya sanar da kulle na uku a Ingila baki ɗaya.

A yammacin ranar ne tsohuwar ta ce kullum ita ke surutu, in gaya mata nawa garin. Ta miƙo mini katin Kirsimeti da biro ta saman katanga. Na zana mata ganuwa da Ƙofar Doka, na ja layi zuwa Tudun Wada, na tsallaka Kubanni zuwa Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa, na sa dutsen Kufena da Wusasa a gefe, na gaya mata akwai Hausawa a can da ke rera waƙoƙin Kirsimeti da harshenmu. Ta sa tabarau ta duba, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo da na yi a bakin layinmu, ta tambaye ni ko mene ne. Na ce teburin mai shayinmu ne. Ta tambaya ko yana buɗewa a lokacin kulle. Sai a sannan na tuna shekara shida kenan da rasuwarsa, wurin ma yanzu shagon cajin waya ne.